Hadarin da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Kowace bazara Kawu Jabbi sai ya aiko:
"Kai da ka zama da injuna, bana hwa?"
Ni kuwa ina tashar yanayi, bayan filin jirgi,
gabana kwalbar awon ruwa, busasshiya ƙarau,
da alƙaluman da aka turo daga nesa.

Na hau babur, na iske shi Kwalkwalawa
da basilla a hannu, yana ɗinke buhun albasa.
Na ce, "Kawu, teku ya yi zafi bana,
na yamma da mu, can bayan Dakar,
ruwan ɗumi kuwa tuwon guguwa ne.
Ɗaya tekun, na ƙeyar duniya, ya huce,
don haka iskar sama ba za ta zo da lauje
ta sare kan hadari tun yana tsiro ba."

Bai ɗago ba. Ya ciji igiya, ya tofar.
"Shamuwa ta sabka bisa kuka shekaranjiya.
Gawo ya soma tuɓe riga.
Tururuwa na ta kwasar ƙwai zuwa tudu.
Tekun naka ya san da wanga?"

Na ce, "Ka tuna iskar bara, ta daren Laraba,
wadda ta yaye kwanon ɗakin Inna Ige
ta kai shi gonar Bagudu?
Irinta ba ta mutuwa a nan.
Takan bi yamma, ta ƙetare Kwara,
ta faɗa teku da ƙishirwa, ta sha, ta ƙoshi,
ta shiga juyi kamar mazari,
sai ta yi ido guda a tsakiya.
Kwana goma, sha biyu, ta isa wata gaɓa
inda mutane ke kafe tagogi da katako.
Can har suna suke raɗa mata."

Sai ya aje basilla.
"Suna? Da rago?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
sannan ya yi shiru, ya dubi gulbi.
"Ashe ɗiyarmu ta. Mu munka yi goyo,
wasu ka shan ɓarna tata."

Ya ce, "To, yaushe za ni shibka?"
Na ce, "Takarda ta ce ruwa zai yi yawa,
kashi saba'in cikin ɗari."
"Talatin ɗin hwa, wa ka riƙe da su?"
Na buɗe baki.
Ban sami komai ciki ba.

Gabas ta haɗe rai a lokacin.
Ganyen darbejiya ya juya ciki waje,
wata akuya ta tsinke igiya,
ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar wasu ya iso mana.
Takardata ta tashi, ta yi yamma,
ban bi ta ba:
buhu goma sha huɗu ne a fili,
tamfol ɗaya, mu biyu.