Baƙin da Fitila Ba Ta Rinawa

Jika tamanin na ƙirga wa Mutari a Kasuwar Dole,
ya naɗe mini majigin a tsohon bargo,
ya ce ko da rana tsaka wannan ba ya jin kunya.
Na hau kabu-kabu har Garin Malam,
na rungume shi kamar mai dakon ƙwai.

Bangon ɗakina fari fat, bana na shafe shi.
Na saka faifan sunan ƙanena,
na shekara ashirin da biyu da suka wuce,
saboda minti ɗaya tak da ke cikinsa:
Baba a bakin zaure, can cikin inuwa,
yana yi wa wani dariya, wanda ba a nuno ba.

Hoto ya hau bango, ya fi ƙofa tsawo,
amma duhun zauren nan ya koɗe,
ya koma toka-toka
kamar riga mai shekara goma a hannun wanki.
Fuskar Baba da inuwar suka zama abu guda.

Na rage haske, ya nutse baki ɗaya,
sai farar hularsa ke yawo
kamar ƙwarya a tafki.
Na ƙara haske, ya taso,
amma sai ka ce an watsa masa garin gero.
Na matsa kaifin hoton, fararen riguna suka ƙone,
ɗinkin wuyan liman ya ɓace,
ragon sunan ma ya zama fitila.
Dare uku ina kai da komo tsakanin maɓallai biyu.
Na kira Mutari, ya ce ƙila idona ne.

Ran na huɗu Goggo Hurera ta shigo aron ashana.
Ta tsaya, ta dubi bango, ta dube ni.
"Ɗan marini, kai ne ba ka san baƙi ba?
Ubanka sau nawa yake tsoma zane a ruwan baba,
ya matse, ya shanya, ya sake tsomawa,
kafin ya yarda ya kira shi baƙi?
Wannan abin naka haske kawai yake zubarwa,
ina ya ga baƙin da zai ba ka?
Duhu, ɗaki ke bayarwa.
Ga bangonka huɗu, ga rufi, duk farare,
abin da aka faɗa musu shi suke mayarwa,
kamar ƴan gulma."

Muka jawo adakar da ba a buɗe ba tun sadakar arba'in.
Zannuwa tara da bai kai kasuwa ba,
har yau suna warin karofi.
Na hau kujera da ƙusa a baki,
tana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya.
Bangon dama, bangon hagu, taga, rufi,
har ƙasan ƙofa muka toshe da tsumma.
Tafin hannuna ya yi shuɗi irin nasa.

Na kunna.
Zauren ya yi zurfi.
Ga kunci, ga tabon nan na gefen ido,
ga giɓin da dariya ke fita ta ciki.
Goggo ta ce, "Ni yake yi wa dariyar,
ranar na zubar da kunu a kan takalmin liman."
Ba ta ƙara cewa komai ba.

Kada in yi ƙarya, baƙin bai cika ba.
A kusurwoyi da sauran toka kaɗan,
irin wadda Baba zai ɗaga wa rana
ya ce a mayar rami.

Muna kallo na shida aka ɗauke wuta.
Fankar majigin ta yi shiru.
Ban ga hannuna ba, ban ga Goggo ba,
sai numfashinta, da warin baba.
Can ta ce, "To, ga shi nan.
Wannan kam ya rinu."