Sai Laraba

Labbo bai iya zance ba.
Lokacin da yake nemana a Aliero,
samari na zuwa da turare da baki mai zuma,
shi sai ya raɓa gefen tabarma yana kallon yatsun ƙafarsa,
warin albasa na tashi daga rigarsa.
In zai tafi, abu ɗaya yake faɗi:
"Ige, sai Laraba."

Ranar Laraba kuwa, ko sama ta tsage,
ko laka ta riƙe keke har sai an saɓa shi a kafaɗa,
zan ji sallamarsa bayan la'asar.
Inna ta ce, "Wanga yaro agogo na."
Ƙawaye suka ce, "Bebe za ki aura?"
Na ce, ku riƙe masu bakin.

Shekarar da albasa ta ruɓe a rudu,
buhu arba'in suka koma ruwa,
ban ji a bakin rijiya ba,
ban tsinta a gidan suna ba.
Shi ya shigo, ya cire hula, ya ce,
"Mun faɗi. Ga abin da ya rage, ga bashin da ke kaina."
Ya lissafa har man injin ban ruwa,
bai ɓoye ko sisi don ya yi kyau a idona ba.
Na ɗaga murfin kwalla, na miƙa masa kuɗin adashina.
Ya ce, "Bayan rani."
Bayan rani ya kawo,
har da 'yan canjin da ni na manta.

Ban ce ba ma faɗa ba.
Yana da taurin turken jaki,
kuma shekara goma sha tara bai taɓa yaba miyata ba,
sai dai ya suɗe kwano.
Akwai daren da na juya masa baya har asuba.
Da na fito, tulu cike yake.

Da santsi ya kayar da ni bayan ɗaki,
mai ɗori ya jera kara, ya ɗaure, ya ce kada in taka,
Labbo ne ya hura wuta.
Tuwonsa duk gudaji.
Maza sun yi ta dariya a gindin darbejiya,
ya wuce su da guga a hannu,
ya gaishe su.

Sau ɗaya tak ya saɓa.
Ya tafi Jega, ya ce kafin magariba.
Aka yi isha'i, kiɗan masu shayi ya mutu,
karnuka suka karɓi gari.
Zuciyata ba ta ce yana wurin wata ba,
ba ta ce ya shantake a hira ba.
Likkafani kawai take auna mini,
don mutuwa kaɗai na sani da za ta iya tare shi.
Can tsakar dare na ji jan ƙafa:
mota ta lalace, waya ta mutu,
ya tako da takalmi ɗaya a hannu.
Na zage shi tas. Sannan na ɗora ruwan zafi.

Shi ya koya mini aikin rudu:
a ɗaga daga ƙasa, a bar iska ta ratsa,
a riƙa leƙawa,
in ka ga ɗaya ta fara laushi, cire ta yau,
kafin ta shafi 'yan'uwanta.
Haka muke yi da magana.

Jiya ɗiyarmu Tumba ta nuna mini waya,
wani yaro ya cika ta da wata da taurari.
Ta ce, "Inna, ta yaya ake gane na gaske?"
Na ce, sa masa rana.

Yau Laraba.
Inuwa ta kai bakin randa.
Bari in matsar da buta,
ga ƙarar kekensa.