Zoben da Ban Saya Ba

Shekara goma sha ɗaya ina naɗa jan ƙarfe
a rumfar Malam Nomau, bayan babbar kasuwa.
Fanka ta ƙone, injin markaɗe, famfon masu lambu a bakin Gulbi,
in warware, in ƙirga zagaye, in mayar.
Ban san ina tara nawa a ciki ba.

Hannun dama ya fara.
Shayi ya zube mini a riga wata Laraba,
yara suka yi dariya, ni ma na taya su.
Sai harshe ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen tsumma,
in kira Barira, sunan ya fito rabi.
Mokoyo ta yanke hukunci tun kafin likita:
wasu suka ce ƙwaya nake sha,
gwaggona ta ce iska ce, ta zo da garwashi da turare.

Likitar ido ce, doguwa, mai ƙaramar murya,
ta haska fitila, ta yi shiru, ta sake haskawa.
Ta ce akwai zobe kewaye da baƙin idonka,
launin wayar da kake naɗawa.
Na ce, a wurin aiki na kwaso?
Ta ce a'a, gado ne,
rabi na Baba, rabi na Inna,
su biyun garau, ba su san me suka ba ka ba.
Hantarka ce ba ta san ƙofar fitar da shi ba.

Nan na tuna Hasiya.
Shekara goma sha huɗu, ido kamar gwaiduwa,
aka ce shawara ce, aka jiƙa saiwa,
muka kai ta makwanci da damina.
Da an haska mata fitilar nan.
Ba na ƙarasa zancen, Inna tana tsakar gida.

Yanzu ranata da ƙwaya take farawa,
cikin da babu komai, in jira awa guda
ina jin ƙamshin ƙosai ta kan katanga.
Maganin daga Yamai yake zuwa, cikin kwali, a motar dare.
Wata ya kusa ƙarewa sai in riƙa girgiza kwalba
ina sauraren saura nawa.
Barira ta sayar da tunkiyarta bara, ba ta faɗa mini ba,
turken ne na gani.

Ka ji abin dariya:
ɗan Maradi an hana shi gujiya.
Ba ƙuli-ƙuli, ba tsire da garinsa,
ranar layya hanta ta wuce ta gabana tana tururi,
na ɗauki tsoka, na ce ai ita na fi so.

Rumfa ba ta kore ni ba.
Sallau ke naɗi, ni ke ƙirga masa,
kunnena ya san injin da zai mutu tun yana waƙa.
Akwai safiyar da hannun ke lafawa,
in karɓi wayar, in yi zagaye arba'in ba kuskure,
ba na gaya wa kowa, kada a yi mini barka.

Na ja ƙanena Tsahiru aka gwada shi.
Yana da shi. Ya yi fushi da ni kwana tara.
Yau yana shan nasa, hannunsa bai taɓa rawa ba,
shi ke tsaron gida a ƙwallon unguwa.

Wancan wata likita ta miƙo takarda:
daga ɗaya zuwa goma, yaya rayuwa?
Na riƙe alƙalami yana ta kaɗa kai.
Na ce rubuta mini da hannunki:
jiya na saka maɓallin rigata duka biyar,
na kai ludayin fura baki ba ɗigo,
ƴata ta ce Baba sake faɗa, ban ji ba,
na sake, ta ji.
Ta ce lamba ake so.
Na ce ki sa bakwai, in maganin ya iso ranar Asabar.