Ajiye Jaka

Kin tambaye ni, Zuwaira, muna wanke hannu,
me ya hana ni tafiya gida tun ƙarfe takwas.
Kashe famfon tukuna.
Irin wannan ba a amsa ta ruwa na zuba.

Takardar da na sa wa hannu a Gombe,
bana shekara goma sha tara,
ta ce allura, ta ce awon jini,
ta ce rubuta, miƙa wa mai canjin ki, kama hanya.
Takarda ba ta san Jauro ba,
wanda kububuwa ta sara a kunyar gyaɗa,
aka goyo shi a babur har Kaltungo,
ƙafa kamar turmi, dasashi na tsatsar jini,
ɗansa na biye, rungume da takalmi wari guda.

Magani mun ɗaura masa, wannan aiki ne.
To, yaron fa?
A wane layi aka rubuta yaro
wanda rabonsa da abinci tun hantsi?
Na buɗe kular da na zo da ita,
tuwon masara, miya ta huce.
Yana ci yana kallon gado.
Fulatancina gurgu ne, amma yana kai ni inda za ni,
na ce masa babanka zai taka ƙasa,
na faɗa ina roƙon Allah kada Ya kunyata bakina.

Kada ki ɗauke ni waliyya.
Albashi na makara, ina mita kamar kowa.
Ƙafafuna na kumbura.
Maigidana ya gaji da ɗumame, ya daina magana.
Akwai daren da nake fita takwas cif,
ban waiwaya ba,
sai in kwana ina ƙirga gadaje a silin.

Malam Yerima na ɗakin maza
ya ce shi guzurin lahira yake tarawa.
Sista Keziya ta ce ita ba wani dogon dalili,
zanin gado a karkace ne ba ta iya gani.
Na taɓa kama ta tana yanke wa wani tsoho farce,
ta harare ni, wai in kama bakina.

Nawa dalilin ya girmi farin kayan nan.
Ina da shekara goma sha ɗaya, a Billiri,
innata na kwance, numfashi na sarƙewa,
ni kaɗai a kan benci, kitsona ya tsufa.
Wata nas ta tashi aiki,
jaka a kafaɗa, ta kai bakin ƙofa.
Ta juyo. Ta dube ni.
Sai ta ajiye jakar.

Ƙarar ajiye jakar nan, Zuwaira,
har yau tana kunnena.

Ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta,
ta juya min baya ga gadon,
ta hau tsefe min kai tana jan hira,
har aka ja labule ban gani ba.
Da asuba na fita marainiya
da sabon shuku a kaina.

Ban san sunanta ba.
Na yi cigiya da na girma, aka ce an yi mata canji,
wasu suka ce Bajoga, wasu suka ce ta rasu.
Bashi ne, mai shi ta ɓace,
shi ya sa duk wanda aka shigo da shi
nake ba shi kaɗan daga ciki.
Bai ragu ba.

Kin ji, gado na bakwai na kira.
Yaron ne, ina jin tsoro ya farkar da shi.
Goge hannunki.
Ungo jakata, tura min ita ƙarƙashin tebur.