Mita Bakwai na Tantabaru

Wata uku ke nan ina ɗinke birnin Porto
a kan allo guda.
Maigidana, Aníbal Queirós, shi ya ce:
"Na gaji da zagayen ofisoshi kamar mai bin bashi.
So nake in danna maɓalli ɗaya
gida ya faɗa mini asirinsa."

To, na shiga tattarowa.
Daga ofishin rajistar filaye na kwaso sunayen masu gidaje,
waɗansu sun shekara arba'in a ƙarƙashin ƙasa
takarda ba ta sami labari ba.
Daga ma'aikatar haraji, abin da aka biya
da wanda aka yi kunnen uwar shegu da shi.
Taswirar ambaliya na shimfiɗa a ƙasansu,
shuɗi-shuɗi, duk inda kogin Douro ya taɓa shiga ba sallama.
Tallan dillalai kuwa, sau uku na tace shi kamar gasara,
don in dillali ya ce gida na kallon kogi
sai ka hau kujera a banɗaki kafin ka hango ruwa.

Dare ya raba, kwamfuta na huci,
kofi ya yi sanyi a gefena,
gidaje dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu
suka jeru reras,
kore ga mai riba,
ja ga wanda rufinsa ke neman agaji.

Sai ɗaya ya ƙi zama.
Lamba goma sha tara, wani lungu a Miragaia.
Rajista ta ce murabba'in mita saba'in da takwas,
haraji ya ce tamanin da biyar.
Gurbin ya koma rawaya, na'ura ta zuba mini ido.
Ita ba ta san gaskiya biyu ba.

Ran Asabar na ɗauki igiyar awo,
na gangara matakalan dutse.
Dona Graciete ta buɗe ƙofa,
ƙamshin busasshen kifi ya riga ta fitowa.
Ba ta nemi ganin katina ba,
ta dai ce kada in taka kyanwa.
Na auna falo, na auna ɗakuna, na auna madafa:
saba'in da takwas cif.
Sai ta ja wani labule a bene.

Baranda ce aka rufe da katako da gilashi.
"Fausto ya yi ta, shekarar da aka sallame shi daga tashar jiragen ruwa,
saboda tantabarunsa.
Mai haraji ya hango daga titi ya rubuta.
Na rajista bai taɓa ɗaga kai ba."
Tantabarun sun tafi, Fausto ya bi su.
Kujera ɗaya ta rage, da gwangwanin hatsi
babu ko ƙwaya.

Muna saukowa ta nuna mini zanen fensir
a jikin bango, daidai ƙirjina,
inda ruwa ya tsaya wata shekara.
Taswirata ta rantse ruwa bai taɓa zuwa nan ba.

Ta tambaya ko sayar da gidan za a yi,
tunda ita haya take.
Na ce ni lissafi kawai nake yi.
"Haka kowa ke cewa," in ji ta,
ta danƙa mini lemo biyu.

Ran Litinin na ƙara gurbi ɗaya a allon,
ɗan ƙarami, can ƙarshen dama
inda ido ba ya saurin kaiwa.
Aníbal ya duba. "Wannan fa? Ai ba ya shiga jimla."
Na ce ba ya shiga.
Ya ce masu saye daga ƙetare ba za su karanta ba.
Ban musa ba.

Ya danna maɓallinsa,
gidan ya fito kore shar da farashinsa,
tamanin da biyar, ya zaɓi mai tsoka.
A gefe, da ƙananan haruffa:
mita bakwai na tantabaru ne,
ruwa kuma yakan kai ƙirji.

Lemo ɗaya na sha.
Ɗayan na nan gefen kwamfuta,
ɓawonsa ya fara tauri.