Dogon Hannu a Watan Janairu

A Valparaíso, Janairu watan zafi ne.
Ƙanƙara na narkewa a kan teburin kifina
tun rana ba ta take ba,
amma Amparo, 'yata, ta gangaro daga tudu
cikin riga mai dogon hannu, har ta rufe yatsu.
Na ce, ke ba kya jin zafi?
Ta ce, Baba, ji da kifinka.

Shekararta goma sha huɗu, makaranta uku sun sallamo ta.
A ta farko ta jefi allo da kujera.
A ta biyu ba ta zama, ba ta shiru.
Ta uku ko dalili ba su rubuta ba.
Likita ya raɗa wa abin suna mai tsawo,
na rubuta a bayan rasit, rasit ya jiƙe.
Unguwa ta raɗa masa gajere: fitinanniya.
Ni ma na faɗa,
da ƙarfi, har karnukan layi suka amsa.

Kowa na jin ƙarar ƙofar da ta buga.
Shirun da ke biyo baya, ni kaina ban taɓa saurara ba.

Ran Talata tana taya ni wanke akwatuna,
hannun rigar ya jiƙe, ya zame.
Nawa hannun duk tabon ƙugiya ne da ƙaya,
na san irin zanen da tsautsayi ke bari.
Waɗannan ba tsautsayi ya jera su ba.

Ihu ya taso mini har maƙogwaro.
Eulalia mai lemon tsami ta riƙe gwiwar hannuna,
ita da ta yi shekara talatin tana jinya a asibiti.
Ta ce, haɗiye shi, Eliseo.
Tambaye ta kai tsaye, ban da kewaye-kewaye.
Tambaya ba ta shuka abin da babu.

Matakala ɗari da sittin ne zuwa gidanmu.
A ta casa'in na zauna, na ce gwiwa ce.
Harshena ya fi anga nauyi.
Amparo, kina tunanin kashe kanki?

Ta daɗe tana kallon jiragen ruwa.
Ta ce, wani lokaci.
Da daddare, in kaina ya ƙi yin shiru.
Ba mutuwar nake so ba, so nake abin ya tsaya.
Kowa ya gaji da ni. Har kai.

Ban ce ƙarya ne ba.
Na ce, na gaji, gaskiya ne,
amma gara gajiyar da ke a ciki
da hutun da babu ke.
Ba ta yi kuka ba. Ni na yi,
a gaban wani mai sayar da burodi da ke neman hanya.

Daren nan na tara magungunan gida a gwangwanin biskit,
na kai wa Eulalia ajiya.
Wuƙaƙena yanzu a rumfa suke kwana, da kwaɗo.
Lambar agaji na manne a ƙofar firji.
Duk Alhamis mukan hau bas zuwa wurin Millaray,
matar da aikinta sauraro ne.
Ranar farko Amparo ta zage ta.
Matar ta ce, to, sai Alhamis.
A mako na biyar ta ce in jira a waje.

Ba zan ce ta warke ba.
Makon jiya ma ta fasa faranti,
ni kuma na ɗaga murya, na dawo na ba da haƙuri.

Amma jiya, ƙarfe uku na dare,
ta ƙwanƙwasa ƙofata, a hankali, ita da ba ta iya a hankali ba.
Ta ce, Baba, daren ya yi nauyi.
Muka zauna a kicin, shayi ya huce, muka sake ɗumamawa,
har fitilun masunta suka fara dawowa gaɓa.
Kamun farko ya wuce ni,
Nibaldo ya kwashe mini masu saye.
Ya kwashe.

Har yanzu hannun rigar dogo ne.
Ta ɗan naɗe ɗaya don ta ɓare lemo.
Na kalli lemon.
Ta miƙo mini rabi.