Man Zafi

Ina shekara tara aka tsamo ni
daga layin famfo a Tudun Wada,
bokiti a ka, wando ya sha faci.
Malam Sagir mai shirya wasa ya ce,
"Wannan fuskar maraya ce."
Alhali Baba na nan da ransa,
yana can Kakuri gaban injin saƙa,
auduga a gemunsa kamar furfurar aro.

Kuka suke so, kukan ya ƙi zuwa.
Aka lakuto man zafi
aka goga min ƙarƙashin ido.
Na zubar, gari ya ɗauka.
Ladana naira ashirin da lemo,
kwalbar ma aka ce in mayar.

Daga nan sunana ya ɓata.
A Kasuwar Bacci mata na shafa kaina,
"Allah sarki, Maraya!"
Har gyara ake min a kan gyaɗa.
Baba na gefe yana murmushi,
yana cewa, "Ni ne marigayin."

Sai murya ta fashe, gashin baki ya tsiro.
Wanda ake wa shimfiɗa a gaban mota
ya koma naɗe waya, riƙe fitila,
sayo wa taurari ruwan sanyi.
Ashe farin jini rigar yaro ce,
kana girma tana matse ka.

A bayan takardun wasan da aka yar
na fara rubuta nawa,
da biro mai tsallake baƙi,
a shagon ɗinkin yayana Lawandi,
in an kawo wuta, in keke ya huta.
Na farko aka ce ba rawa a ciki.
Na biyu aka saya, aka goge sunana.
Na uku na tsaya a kai kamar jaki a bakin gada.

Shekarar ce masaƙa ta rufe ƙofa,
tari ya kwantar da Baba.
Ranar da muka kai shi
na tsaya bakin rami, idona ƙamas.
Mutane na kallon Maraya,
suna jiran abin da suka saba gani.
Ban da ko ɗigo.

Yau a Rigasa muke ɗauka.
Ni na rubuta, ni ne uban,
an bula min hoda a gemu.
Yaron, Mudi, ya ƙi kuka,
jirgin ƙasa ya wuce, rana na gudu.
Na hango wani ya buɗe gwangwanin nan,
warinsa ya riga shi isowa.

Na ce, "Rufe."
Na karɓi takarda, na soke layin.
"Kada ya yi kuka.
Ya zauna a zaure,
ya zura ƙafa cikin takalmin mamacin,
ya ga yadda ya yi masa yawa."

Mudi ya zura.
Aka yi tsit.
Ni da ke kwance cikin likkafani,
aka ce in daina motsi,
gawa ba ta hawaye.